Sashe na 28: Dokar da Ta Sa Malaman Birtaniya Kame Baki

A shekarar 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta saka wani sashe a dokar ƙananan hukumomi ta Birtaniya, wanda aka fi sani da Sashe na 28. Ya hana ƙananan hukumomi tallata neman jinsi ɗaya da gangan, ya kuma hana su ƙarfafa a koya wa ɗaliban makarantun gwamnati cewa zaman masu neman jinsi ɗaya iyali ne karɓaɓɓe. Cikin abubuwan da suka rura wutar har da wani littafin yara daga Denmak, labarin yarinya mai zaune da mahaifinta da abokin zamansa namiji, wanda jaridu suka yi ta yayatawa.

Ba a taɓa hukunta kowa da wannan sashe ba, amma tsoro ya yi aikin da kotu ba ta yi ba. Malamai da dama ba su san iyakar abin da aka hana ba, sai suka kame baki gaba ɗaya. Yaro ya kawo ƙarar ana tsangwamarsa, ana yi masa laƙabin cin mutunci, malami ya kau da kai don gudun rigima. Nan ne babbar ɓarnar dokar take, domin ko mene ne ra'ayin mutum, kare yaro daga zalunci wajibin makaranta ne.

A wajajen 1990 wasu masana a Amurka, irin su Teresa de Lauretis da Judith Butler, suka assasa fannin nazarin jinsi da ake kira ra'ayin kwiya. Hujjarsu ita ce al'umma ce ke shata abin da ake ɗauka daidai game da namiji da mace. Masana ilimi da suka bi sahunsu suka ce shirun makaranta ma darasi ne.

Sukotlan ta soke sashen a 2000, Ingila da Wels suka biyo baya a 2003. Ƙura ba ta lafa ba. A 2019 iyaye a Birmingham, akasarinsu Musulmi, suka yi zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare biyu, suna cewa darussan da ke ambaton iyalan jinsi ɗaya sun saɓa wa addininsu, kuma ba a shawarce su ba. Babbar kotu ta hana taruwa a ƙofar ɗaya daga cikinsu. Daga Satumbar 2020 darasin zamantakewa ya zama tilas a firamaren Ingila: iyaye na iya cire ɗansu daga darasin jima'i, amma ba daga darasin zamantakewa ba.