Ranar da Aka Kulle Benaye Tara a Melbon

Da wajen ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, 4 ga Yulin 2020, shugaban gwamnatin jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya, Daniel Andrews, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce an kulle dogayen benaye tara na gidajen gwamnati a unguwannin Flemington da North Melbourne na birnin Melbon, kuma dokar ta fara aiki nan take. Mutum wajen 3,000 ne ke zaune a ciki. Da yawansu ba daga bakinsa suka ji labarin ba. Leƙowa suka yi ta taga suka ga motocin 'yan sanda sun cika harabar gida. Wanda ya fita sayen madara ya dawo aka ce masa idan ya shiga ba fita. Uwar da ta yi niyyar zuwa cefane gobe da safe ta buɗe firji ta fara ƙidaya abin da ya rage. An ware 'yan sanda kusan 500 a kowane zubi na aiki domin tsare ƙofofi.

Tsoron gwamnati yana da tushe, wannan kam a faɗa. Korona ta sake ɓarkewa a birnin Melbon, kuma an riga an samu mutum 23 ɗauke da ita a benayen. Gini mai hawa ashirin, kowa da lifta ɗaya yake hawa da sauka, ɗakin wanki na tarayya ne, iyali mai yawa a ƙuntataccen gida, ga shi Yuli tsakiyar hunturu ne a can, tagogi a rufe. Ƙwayar cutar da ke bin numfashi ba ta neman wurin da ya fi wannan. Sannan yawancin masu aiki a cikinsu ba irin waɗanda za su zauna a gida su yi aiki da kwamfuta ba ne: direbobi ne, masu shara, masu gadi, masu kula da tsofaffi.

Amma su wane ne mutanen? Akwai 'yan Somaliya da Eritiriya da Habasha da Sudan, akwai 'yan Biyetnam da Sin, akwai masu jin Larabci da Turkanci. Da dama gudun yaƙi ne ya kawo su. Ga wanda ya taɓa ganin soja ya kewaye unguwarsu cikin dare, ɗan sanda a bakin lifta ba alamar kariya ba ce. Ita kanta Flemington tana da tsohon miki: wasu samari 'yan asalin Afirka sun taɓa kai 'yan sandan jihar kotu kan tsare su da bincike saboda launin fata, aka sasanta shari'ar a 2013. A kan wannan tabo aka zo aka ɗora kulle ba sallama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar harshe. An hana mutum fita daga ɗakinsa da ƙarfin doka, amma takardar da ke bayyana dalili da tsawon lokaci da haƙƙinsa da Turanci take. Sai da aka kwana biyar zuwa shida kafin fassararta ta isa hannun mutane cikin harsunansu, lokacin da kullen mafi yawan benayen ya zo ƙarshe. A watan da ya biyo baya ma kafafen labarai sun bankaɗo wata sanarwar lafiya ta hukuma da aka cakuɗa Larabci da Farisanci a cikinta, don kawai harufansu sun yi kama. Duk wanda ya san ajami zai gane girman wannan kuskure. Ka ɗauki wasiƙar Hausa da aka rubuta da ajami ka miƙa wa Balarabe, zai ga baƙaƙen da ya sani, amma ba zai fahimci ko jimla ɗaya ba. Saƙon da ya shafi rai da mutuwa aka yi wa wannan riƙon.

Abinci ma haka. Gwamnati ta yi alkawarin kai komai har ƙofa, ta yafe kuɗin haya na mako biyu, ta ba masu aiki dalar Ostareliya 1,500, marasa aiki kuma 750. Sai dai kuɗi a banki ba ya zama tuwo a daren farko. Mazauna sun koka cewa kayan sun yi jinkiri, wasu kwalayen sun zo da abin da Musulmi ba zai ci ba, wasu da abin da tsohuwa 'yar Asmara ko Mogadishu ba ta san yadda ake sarrafa shi ba. Mai ciwon suga na jiran allura, mai jego na jiran kunzugun jariri, lambar wayar da aka bayar kuma ba ta ɗaukar kowa a lokaci guda.

A nan ne wani masallaci ya shigo. Cibiyar AMSSA da ke North Melbourne, wadda Musulmin unguwar, galibi 'yan Somaliya, suka kafa, ta zama rumbun ajiya cikin kwana ɗaya. Samari da 'yan mata, da yawa a benayen suka tashi, suka jera tebura suna rarraba shinkafa da taliya da man girki da nama na halal da madarar jarirai, suna rubuta lambar gida a jikin kowace leda. Ba su buƙaci rajista ba, domin sun san wace Hajiya ce ke zaune ita kaɗai a hawa na sha biyu, sun san gidan da ke da yara bakwai. Da farko sun sha fama kafin a bar kayansu su wuce shingen tsaro, daga baya hukuma ta gane ba ta da hanyar da ta fi tasu. Ƙungiyar sa-kai ta mabiya addinin Sikh ita ma ta zo da motarta tana raba dafaffen abinci kyauta. A cikin benayen kuwa, masu jin Turanci suka riƙa juya sanarwa zuwa harsunan iyayensu suna turawa ta WhatsApp, har da saƙon murya, saboda dattijon da bai iya karatu ba yana da kunne, kuma muryar ɗan maƙwabcinsa ya fi yarda da ita.

Duk wannan ƙwarewa tana nan tun kafin ranar Asabar. Limaman nan da shugabannin mata da matasan nan suna da waya a aljihu. Babu wanda ya kira su kafin a tura motoci.

Ranar 9 ga Yuli aka sassauta wa benaye takwas. Na tara, mai lamba 33 a titin Alfred, inda cutar ta fi yawa, ya cika kwana 14. Mazaunansa sun haura mako guda ba su shaƙi iskar waje ba, kuma da aka fara barin su sauka, cikin wani ɗan fili aka sa su, kewaye da shingen ƙarfe da masu tsaro.

A Disambar 2020 jami'ar sauraron koke-koken jama'a ta jihar, Deborah Glass, ta fitar da rahotonta. Ta yarda akwai hujjar lafiya ta yin kullen, amma ta gano cewa jami'an lafiya sun ɗauka sai washegari za a fara, kuma likitar da ta sa hannu a dokar ƙasa da minti 15 aka ba ta ta duba. Hukuncinta shi ne gaggawar ba shawarar likitoci ba ce, kuma ta tauye haƙƙin mazauna. Ta nemi gwamnati ta ba su haƙuri. Gwamnati ta ƙi, ta ce rayuka ta ceta. Mazauna suka haɗu suka shigar da ƙara, a 2023 aka sasanta kan dalar Ostareliya miliyan 5 da za a raba musu, ba tare da gwamnatin ta amsa laifi ba.