Yaron Da Ya Bi Ayarin Gwanja Neman Uwarsa

A 1877 aka haifi Alhassan a Bebeji, cikin zuriyar Agalawa, fataken da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Azbin suka zauna a karkarar Katsina da Kano. Yana da kamar shekara takwas mahaifinsa Abdullahi ya rasu. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta ɗaure kaya ta nufi Ankara, babban birnin Gana na yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan tsohuwar nan ne ya bi shi har kabari: Ɗantata.

Ya yi karatun allo, ya sha wuyar maraici. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya sayi 'yan kayan sayarwa ya bi ayarin Gwanja don ya ga uwarsa. Tafiya ce ta watanni: madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini, a yada zango da yamma, a tashi da asuba. A dawowa kuwa goro ne cikin ganye, lokaci-lokaci sai an kwance an tsince ruɓaɓɓe an yayyafa ruwa. Yaron ya isa Ankara lafiya, ya huta kwana ɗaya, uwar ta kai shi gidan wani malami ta ce ya zauna can har ranar komawarsa. Duk sanda na zo nan a labarin sai jikina ya yi sanyi. Ban ga laifinta ba, neman halali ne ya fitar da ita, amma shekarun da aka yi a rabe ba sa dawowa don an yi ido biyu.

Bayan ya dawo, Basasar Kano ta 1893 ta rutsa da shi, aka kama shi da 'yan'uwansa, sai da suka fanshi kansu. Bai fasa tafiya ba. A wajen 1906 ya fara sa goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas, abin da ya gani a bakin teku wanda mazaunin Bebeji ba zai taɓa sani ba.

Amfanin wannan wayewa ya iso har gonakin arewacin Kano. A 1912 jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano. Turawa auduga suka sa rai, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, don tana son jigawa, in kasuwa ta ƙi a ci ta, harawarta kuma ta dabbobi ce. A ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir gona tana jingine da gona, ba a barin saura. Takin dabbobi da jujin birni da ake kaiwa a kan jaki su ke riƙe ƙasar. Irin su Alhassan Ɗantata da yaransu suka kai ma'auni kasuwannin ƙauye, manomi ya samu kuɗin haraji da na aure yana gidansa. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin suka kai masa kuɗin azurfar Ɗantata. Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955.

Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, dalar gyaɗa ta ɓace. Gonar gado kuwa kullum tsukewa take yi, ana raba ta tsakanin 'ya'ya. Yau da zarar an kai gero rumbu sai samari su kama hanyar ci-rani: Legas, Fatakwal, Abuja, ana acaɓa, ana gadi, ana ga-ruwa. Da kuɗin nan ake sayen takin zamani, a yi rufin kwano, a sallami mai magani, kuma bakin da ya tafi ya rage wa rumbu nauyi. Gida kuma sai mata da tsofaffi, da yaran da suka fi sanin muryar ubansu a waya.

A ranar 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ta sa aka murƙushe baburan da aka kama. Lokacin shuka ne a Dambatta, ana jiran kuɗin taki daga wurin masu baburan.