Gaskiya da Ƙarya a Zancen Asirin Salula a Yamai

Duk wanda ya saba zama a fadojin Yamai, daga Bukoki har Yantala, inda samari ke kewaye butar shayi kowa da salularsa a hannu, ya san babu labarin da ya fi saurin yaɗuwa kamar wanda aka buɗe da "a yi hattara", alhali kuwa Suratul Hujurati, wadda ta haramta bin diddigin asirin mutane, ita ce dai ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi.

Ana cewa ma'aikatan WhatsApp suna karanta saƙonninmu. Wannan ba shi da asali, domin tun watan Afrilu na 2016 ake kulle saƙo ta yadda ba mai iya buɗe shi sai mai aikawa da wanda aka aika wa. Sai dai kamfanin ya san lambarka da irin wayarka da lokutan da kake shiga, kuma wanda ka amince wa da muryarka yana iya tura ta ga jama'a cikin ƙiftawar ido. Batun manna wata sanarwa a Facebook, wai don a haramta musu hotunanka, shi kuwa tsohuwar ƙarya ce da ke yawo tun 2012.

Mafi tayar da hankali shi ne cewa amsa kiran baƙuwar lamba kawai yana kwashe kuɗin da ke cikin waya. Yana da ɗan tushe, gama a 2019 an gano cewa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kutsa wayoyi kimanin 1,400 ta hanyar kiran WhatsApp, ko da ba a ɗauka ba. Amma makami ne mai tsadar gaske, wanda galibi ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam aka ɗana wa, kuma an toshe wannan kafa a shekarar. Abin da ke cin ɗan kasuwar Katako ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba: wani zai kira da ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, na tura maka lambobi 6 bisa kuskure, karanto mini su," kuma da zarar bawan Allah ya karanto, sai a ƙwace masa WhatsApp ɗinsa, a shiga roƙon ƴan uwansa kuɗi da sunansa. Abin takaici, maganin yana cikin wayar kyauta, wato sanya lambar sirri ta biyu.

Masu cewa Nijar ba ta da doka a kan kare bayanan sirrin mutane su ma sun kuskure. An kafa doka mai lamba 2017-28 ranar 3 ga Mayu 2017, aka musanya ta da 2022-59 a Disamba 2022, aka kuma kafa hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP a Yamai domin karɓar ƙorafi. Adalci ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren, cewa a 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren wasu sadarwa saboda tsaron ƙasa. Duk da haka, wanda kamfani ko ofis ya karɓi kwafin katin shaidarsa yana da haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure, da kai ƙara idan an yi masa kunnen uwar shegu.