Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Lantarki

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Sandamu, a ƙasar Daura, zai tarar da dattawa masu tsaga a kumatu da tsofaffin mata masu shasshawa, alhali galibin jikokinsu fuskarsu sumul take. Tsagar gado ita ce ke bayyana asalin mutum, ta kwalliya kuwa ado ce kurum. Wanzami ne ke yin su da aska, sa'an nan a shafa baƙin tukunya ko garin gawayi domin zanen ya fito.

Wannan hikima ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1991 an gano gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka shige. Masana sun ƙirga zane 61 a jikinsa, masu baƙi irin na gawayi. A 1891 kuma Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a Amurka. Jikokin wannan inji ne yau ake zana wa mata gira da launin leɓe da su, kwalliyar da wanka ba ya fitarwa.

To, me ya sa lalle ke gogewa, shasshawa ba ta gogewa? Fata hawa-hawa ce. Hawan sama yakan saɓule ya sabunta kusan kowane wata, kuma a nan lalle yake tsayawa. Aska da allura kuwa suna kai baƙin cikin hawa na biyu, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye shi, amma su kasa narkar da shi. Wani bincike da aka yi kan ɓeraye a Faransa a 2018 ya nuna cewa idan ƙwayar ta mutu, sabuwa takan haɗiye abin da ta saki, zanen ya ci gaba da zama.

Sai dai duk abin da ya huda fata ya buɗe wa cuta ƙofa. Aska ko allura ɗaya, idan aka yi wa mutane da yawa aiki da ita, tana iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane. Babba kuwa, ko gaban wanzami ya zauna ko a shagon kwalliya, wajibi ne ya ga an buɗe sabuwar reza ko allura a kan idonsa.