Tankuna Biyu a Kakuri: Me Ya Kashe Kifin Tanki Ɗaya?

Tun da masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, sannan wasu masaƙun suka bi sahunta, tsofaffin ma'aikata da yawa suka kama ƙananan sana'o'i a cikin gidajensu. Kiwon tarwaɗa a tankin roba na daga cikinsu. Wasu dattawa biyu maƙwabta sun sayi 'ya'yan kifi rana ɗaya a hannun mutum ɗaya, kowa ya zuba nasa a tanki mai cin lita 1,000. Abinci iri ɗaya suke ba su, kuma daga rijiyar burtsatse ɗaya suke jan ruwa. A mako na uku kifin ɗayansu ya fara mutuwa, kullum da asuba sai ya kwashe gawarwaki, na maƙwabcinsa kuwa ko gezau.

Zargin farko ya faɗa kan ƙarancin iska, domin kifayen suna taruwa a saman ruwa suna haki. Ɗan ƙanwar mai tankin, wanda ya yi karatun kiwon kifi a New Bussa, ya ce wannan bai isa hujja ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa da rai a kwanon masu talla. Ga shi kuma injin hura iska yana aiki.

Sai aka koma kan cuta. Yaron ya ciro guda ya juya shi a tafin hannu: babu fararen ɗige-ɗige, babu gyambo, gashin bakin bai guntule ba, ciki bai kumbura ba. Abincin ma aka shinshina, bai yi fumfuna ba, kuma daga buhun da aka raba biyu ne.

"Kawu, me ka yi wa tankin nan da maƙwabcinka bai yi ba?"

Abu biyu suka fito. Na farko, dattijon ya haɗa matatar ruwa ta ganga da tsakuwa, ya rage sauya ruwa saboda tsadar man janareta. Na biyu, maƙwabcin yana watsa gishiri cikin tafi ɗaya duk lokacin da ya sauya ruwa, abin da dattijon yake yi wa dariya yana cewa kifi bai shiga tukunya ba an fara sa masa gishiri.

Yaron ya ɗaga murfin kumatun wani kifi da ke gargara. Naman da ya kamata ya zama ja wur ya koma ruwan ƙasa. Ya yanka shi, jinin ma haka. Ya ɗebi ruwan tankin a 'yar kwalbar gwaji, ya ɗiga magani, launin ya nuna akwai naitirait.

Daga nan zaren ya warware. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe yana ƙara ta. A cikin matata, wasu ƙwayoyin bakteriya suna mayar da amoniya naitirait, wasu kuma daban su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Rukunin farko yana rigan na biyu kafuwa, kuma sabuwar matata kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta daidaita, ko fiye idan ana sanyin hunturu. A tsakanin nan ne naitirait yake taruwa. Idan ya shiga jini sai ya lalata sinadarin da ke ɗaukar oksijin. Wannan ne ya sa kifin yake haki a ruwa mai iska: numfashin yana shiga, jinin ne ba ya iya ɗauka. Shaƙar iskar sarari ma ba ta cece shi.

To ina ruwan gishiri? Jinin kifi yana ɗauke da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. Saboda haka kullum kifin yana jawo kuloraid, wato ɗaya daga cikin sinadaran gishiri, daga ruwa ta kumatunsa don cike abin da yake asara. Naitirait ta wannan ƙofar yake bi, kamar ɗan kutse da ya shiga layin masu gayya. Idan kuloraid ya yi yawa a ruwa sai ya cike layin. Masu kiwon tarwaɗa a jihar Mississippi ta Amurka sun daɗe suna aiki da ma'aunin kashi 10 na kuloraid ga kashi 1 na naitirait. Gishirin girki kusan kashi 60 cikin 100 nasa kuloraid ne, don haka idan naitirait ya kai miligiram 1 a lita, giram 17 na gishiri, wato kusan babban cokali ɗaya, ya wadatar da lita 1,000. Cikin tafin maƙwabcin ya ninka haka. Yawan sauya ruwansa kuma ya hana dafin taruwa tun farko.

Aka sauya rabin ruwan, aka dakatar da abinci na ɗan lokaci, aka narkar da gishirin Kasuwar Monday a bokiti aka zuba. Mutuwar ta ja baya, sannan ta tsaya.

"Ashe maganin yana madafa," in ji dattijon.

"Garkuwa ce kawai, Kawu. Dafin yana nan a ruwa sai an sauya shi ko matatar ta nuna."

Gargaɗin yaron shi ne abin riƙewa. Gishiri ba ya bin tururi ya tafi, don haka wanda yake ƙara ruwa kawai yana sake zuba gishiri, tara shi yake yi har ya wahalar da ƙananan kifi. Wankan gishiri mai ƙarfi da ake yi don kashe ƙwarin fata na 'yan mintuna ne, a mazubi daban, ido na kan kifin. Mai kiwo, kafin ka sayi maganin rigakafi ko ka zargi maƙiyi, duba kumatun kifinka, ka gwada ruwanka, ka auna gishirinka da cokali.