Limamin Soja Wanda Bai Taɓa Riƙe Bindiga Ba

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Theodore Hardy, limamin coci a ƙauyen Hutton Roof na arewacin Ingila, ya riga ya haura shekara 50, ga shi kuma matarsa ta rasu a wannan shekara. Saboda haka da ya nemi a ɗauke shi aikin soja, hukuma ta yi ta mayar da shi bisa hujjar tsufa, shi kuwa bai fasa naci ba, har aka karɓe shi a 1916 a matsayin limamin rundunar Lincolnshire a Faransa.

Limamin soja ba ya ɗaukar makami, kuma babu mai zarginsa in ya tsaya a bayan daga yana wa'azi da jana'iza. Hardy bai ga haka ya wadatar ba. Da dare yakan bi ramukan yaƙi cikin taɓo, jakarsa cike da alewa da taba, yana rabawa samarin da suka yi daidai da 'ya'yan cikinsa, yana sauraron damuwarsu, domin ya fahimci cewa nasiha ba ta shiga zuciyar mai fuskantar ajali sai daga bakin wanda ya zauna tare da shi a inda ajalin yake.

A watan Afrilu na 1918, kusa da Bucquoy, shaja'arsa ta bayyana ga kowa. Ya tone mutanen da harsashin igwa ya binne alhali wuta na zuba, ya fid da ɗaya da rai. Sa'an nan a kurmin Rossignol, shi da wani saje suka rarrafa suka ɗauko wani mai rauni da ke kwance kimanin yadi 10 daga maɓoyar bindigar Jamusawa. A ganina wannan amana ce kafin ta zama jarumtaka.

Ranar 9 ga Agusta, Sarki George na Biyar ya liƙa masa Victoria Cross, lambar bajinta mafi daraja a Ingila, bayan wasu lambobi biyu daban da ya samu a 1917, 'yarsa Elizabeth, ma'aikaciyar jinya, tana kallo. An naɗa shi limamin Sarki, amma bai yarda ya rabu da rundunarsa ba. A watan Oktoba harsashi ya same shi a bakin kogin Selle, ya rasu a Rouen ranar 18 ga wata, saura kwana 2 ya cika shekara 55, aka binne shi a maƙabartar St Sever.