RUƁEWAR SAIWA A LAMBU: ME KE SA TA KOMOWA?

Jama'a masu noman rani a gefen madatsar ruwan Mairuwa, da na fadamun Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, makon nan za mu yi magana a kan ciwon da ke kashe tumatir da tattasai da attarugu tun daga ƙarƙashin ƙasa. Mutum ya sayi iri da taki da man inji, wani ma da bashi, sa'an nan ya ga shukarsa ta yi yaushi da rana alhali kuwa ƙasa na jiƙe. Ya ƙara ruwa, abin ya ƙara ɓaci. Baɗi ya sake shuka a wurin, ciwon ya komo.

To, da farko sai a san alama. Ku tuge shuka guda ku wanke saiwar. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙarfi. Mai ciwo kuwa ta yi ruwan ƙasa ko baƙi, ta yi laushi, in an ja ta da yatsa sai ɓawon ya saluɓe ya bar zare. In kun ga ƙulle-ƙulle a jikinta, wannan aikin wata tsutsa ce ƙarama wadda ido ba ya gani, raunin da take yi kuwa ƙofa ce ga ruɓa.

Abin da ke kawo ciwon waɗansu ƙwayoyin cuta ne masu kama da fumfuna. Masana suna kiran biyu daga cikinsu Pythium da Phytophthora. 'Ya'yansu suna iyo cikin ruwa su nemi saiwa, don haka ruwan da ya bi ta fangali mai ciwo ya kan kai cutar ga na gaba. Wata 'yar'uwarsu ce ta lalata dankalin ƙasar Ailan a 1845, har yunwa ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya. Kada a raina su.

Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. In ruwa ya kwanta ya kori iskar cikin ƙasa, sai ta raunana, cuta ta samu hanya. Shaidar wannan ita ce, ko Turawan da ke noman tumatir cikin ruwa zalla, ba ƙasa ko kaɗan, suna fama da ciwon nan in ruwan ya yi ɗumi iskarsa ta ragu. Ashe ba ƙasa kaɗai ke da laifi ba.

Dalilin komowarsa kuwa shi ne, cutar tana iya kwanciya cikin ƙasa da ruɓaɓɓen kara shekara da shekaru tana jira. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Wurin renon iri. A yi shi a tudu, ba inda aka yi bara ba. A tara karan dawa a kai a ƙone kafin a zuba iri. Ko kuwa a jiƙa ƙasar, a rufe da farar leda mako 4 zuwa 6 cikin zafin Maris da Afrilu, rana ta dafa ta. Kada a cika iri, a bar iska ta ratsa.

2. Wanke iri. A gauraya shi da garin magani irin su Apron Star, bisa awon da ke rubuce a jikin takardar. A wanke hannu bayan an gama, kuma kada a ci irin.

3. Dashe. Duk wanda gindinsa ya yi baƙi ko ya tsuke, a yar. A dasa a kan kunya, kada ruwa ya riƙa taɓa wuyan shukar.

4. Ban ruwa. A ba da safe. A damƙi ƙasa tukuna: in ta dunƙule tana maƙale wa hannu, a dakata. A haƙa lambatu a ƙarshen gona don rarar ruwa ta fita, kada kuma a mayar da ita kan wata shuka.

5. Mai ciwo. A tuge ta da ƙasar gindinta a kai nesa a ƙone. Kada a jefa cikin rafi ko ramin taki. A wanke fartanya kafin a shiga fangali mai lafiya.

6. Sauya shuka. Inda ciwon ya yi tsanani, a huta da tumatir shekara 3 ko 4. Tattasai da attarugu da gauta duk dangi ɗaya ne, ba su zama canji. A sa masara ko dawa ko alkama, a kuma zuba takin gida wanda ya ruɓe sarai.

Ku lura, feshi a ganye ba ya ta da saiwar da ta riga ta mutu. 'Yan kasuwa masu sayar da magani, ku gaya wa manomi gaskiyar wannan, gama wanda ya yi hasara bana ba zai dawo shagonku baɗi ba. Rigakafi ya fi magani.

Wanda abin ya shige masa duhu, ya ɗauki shuka guda da saiwarta da 'yar ƙasa ya kai wa malamin gona na KTARDA, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.